A duba yadda makaranta take yi da yaron da ke baya a aji

Duk makarantar kuɗi da ka ɗauki takardar tallanta a yanzu kusan magana ɗaya za ka gani, su fa ba karatun littafi kaɗai suke koyarwa ba, suna rainon yaro ne gaba ɗayansa, tunaninsa da halinsa da lafiyar jikinsa da yadda yake zama da mutane. Sai ka ga an jera kyawawan kalmomi a bangon ofishin shugaban makaranta, gaskiya, riƙon amana, tausayi, ƙirƙira, dogaro da kai. Ni kam ina tare da wannan manufa ɗari bisa ɗari, kuma saboda ina tare da ita ne abin yake damuna, don na lura maganar ta yi araha ƙwarai, kowa yana iya bugawa a takarda, amma yin ta a aikace yana da tsada, kuma ranar da tsadar ta zo ne ake gane wanda da gaske yake yi.

Abin da nake so iyaye su riƙe shi ne, in makaranta ta ce maka tana kula da yaro gaba ɗayansa to kar ka tsaya kallon ɗalibin da ya zo na ɗaya wanda aka manna hotonsa a bakin get. Tambayi labarin wanda ke ƙarshen aji, wanda ya kai shekara takwas harafi na yi masa gardama, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya na minti goma, wanda in aka yi masa tambaya sai ya sunkuyar da kai. Me suke yi da shi? Shi wannan yaron ba ya kawo wa makaranta suna, ba ya jawo mata sababbin iyaye, sai ma cin lokacin malamai da yake yi, to yadda aka ɗauke shi ne zai nuna maka ko kalmomin bangon nan suna da rai.

Kuma fa ba ni na ƙago wannan ma'aunin ba, daga irin waɗannan yaran aka faro tafiyar tun asali. Pestalozzi mutumin Suwizalan, wanda ake jingina masa maganar nan ta cewa a ilimantar da kai da zuciya da hannu tare, marayun da yaƙi ya bari ya tara a garin Stans a 1799, yana kwana da su yana tashi da su. Maria Montessori likita ce, kuma kafin ta buɗe makarantarta ta farko aiki ta yi da yara masu lalurar ƙwaƙwalwa waɗanda aka riga aka cire rai da su, ta yi ta gwada kayan koyarwa na taɓawa da hannu har wasunsu suka ci jarrabawar gwamnati tare da sauran yara. Daga nan ne tambaya ta taso mata, in waɗannan sun iya kaiwa haka, to me ake yi wa yaran da lafiyarsu lau a makarantu da suka tsaya a wuri ɗaya? Makarantar da ta buɗe a watan Janairun 1907 a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum, unguwar talakawa ce tulus, 'ya'yan leburori ne da iyayensu ke fita aiki su bar su suna yawo a lungu. Haka makarantar Waldorf ta farko da aka buɗe a Stuttgart ta ƙasar Jamus a 1919, mai kamfanin taba sigari Emil Molt ne ya nemi Rudolf Steiner ya tsara ta domin 'ya'yan ma'aikatan kamfaninsa. A yankin Reggio Emilia na Italiya kuwa bayan an gama yaƙin duniya na biyu a 1945, iyaye ne da kansu a wani ƙauye suka sayar da tankar yaƙi da dawakai da sojojin Jamus suka gudu suka bari, suka gina wa ƙananan yaransu makaranta da hannunsu, wani malami mai suna Loris Malaguzzi ya zo ya tarar da su ya shiga cikinsu.

To yau fa? A ƙasashe da yawa waɗannan sunayen sun koma alamar makarantar masu hannu da shuni, talaka ko leƙa ƙofa ba ya yi. Wannan abu yana yi min ciwo wallahi, don tsarin da aka gina a kan maraya da ɗan lebura ya zama kayan ƙawa da ake sayar wa wanda dama gidansu akwai littattafai, akwai filin wasa, akwai mai zama ya yi masa bita. Sunan Montessori ma ba mallakar kowa ba ne, duk wanda ya ga dama zai iya rubuta shi a allon makarantarsa ko da bai taɓa samun horo a kai ba, shi ya sa sunan da ke kan allo ba ya gaya maka komai sai ka shiga aji ka zauna.

Manufar kanta a wurina a fili take. Makaranta ta gari tana so yaro ya fito ya iya karatu da rubutu da lissafi sosai, ya iya yin wani abu da hannunsa ya gama shi, ya iya zama da wanda ba su yi kama ba, kuma ya san kansa har ya iya cewa a'a in ana jan shi zuwa abin da bai dace ba. Rahoton da kwamitin Jacques Delors ya miƙa wa hukumar UNESCO a 1996 ginshiƙai huɗu ya kafa masu kama da haka, koyon sani, koyon aiki, koyon zama tare, da koyon zama cikakken mutum. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ma a sashe na 29 ta ce ilimi ya nufi bunƙasa halayyar yaro da baiwarsa da ƙarfin tunaninsa da na jikinsa iyakar inda za su iya kaiwa, sashe na 31 kuma ya amince cewa hutu da wasa haƙƙin yaro ne. Kenan wannan magana ba wata alfarma ba ce da makarantar kuɗi take yi wa mutane, abu ne da kusan duk ƙasashen duniya suka sa hannu a kai cewa kowane yaro ya cancanta. Abin da makaranta mai zaman kanta take da shi wanda ta gwamnati sau da yawa ba ta da shi shi ne 'yancin gwadawa, ita ke tsara jadawalinta, ita ke zaɓen malamanta, in ta ga wani abu ba ya aiki za ta iya sauya shi a zango mai zuwa ba sai ta jira takarda daga ma'aikata ba.

Wannan 'yancin yana da daraja kuma bai kamata a raina shi ba. Da babu shi da marubuci Rabindranath Tagore bai iya kai yara ƙarƙashin bishiya a Santiniketan ta Indiya a 1901 yana haɗa musu karatu da waƙa da zane ba, da masanin ilimi John Dewey bai iya buɗe makarantar gwaji a jami'ar Chicago a 1896 inda yara ke koyon awo da lissafi ta hanyar aikin kafinta da saƙa ba. Abubuwa da yawa da muke gani yau a ajin ƙananan yara kamar dama can haka suke, ƙananan kujeru daidai tsayin yaro, kayan wasa na koyo a kan kanta inda hannunsa zai kai, daga irin waɗannan makarantu suka fito kafin su bazu ko'ina.

Amma 'yancin nan yana tafe da wani abu da ba a cika son faɗa ba. Makarantar da ke rayuwa da kuɗin iyaye dole ta faranta wa iyaye, su kuma iyaye abin da suka fi gani da ido shi ne maki da sakamakon jarrabawa, ba laifinsu ba ne, shi ne abin da ake nema a gaba. Sai a wayi gari makarantar da ta rubuta tausayi a bango ta fara lissafi, yaron nan zai ja mana sakamako ƙasa a bana, sai a kira mahaifinsa ofis a ce masa cikin ladabi gaskiya muna ganin wata makarantar za ta fi dacewa da shi. Ba kora aka yi ba a takarda, amma kora ce. A Ingila har hukumar sa ido kan makarantu ta Ofsted sai da ta fito ta yi magana a kan wannan ɗabi'a ta zare ɗalibai daga rajista kafin babbar jarrabawa don sakamakon makaranta ya yi kyau. Wasu kuma tun daga bakin ƙofa suke tacewa, jarrabawar shiga ga yaro ɗan shekara biyar, a ɗauki waɗanda dama sun iya, bayan shekara shida a fito ana cewa ku duba abin da tsarinmu ya haifar. Haba, ai tsarin bai haifar da komai ba, zaɓe kawai aka yi.

Shi ya sa binciken da ya fi burge ni a kan wannan fanni shi ne wanda Angeline Lillard da abokiyar aikinta suka wallafa a mujallar Science a 2006. Sun je wata makarantar Montessori ta gwamnati a birnin Milwaukee na Amurka wadda ake shiga ta hanyar ƙuri'a, suka kwatanta yaran da ƙuri'a ta faɗa a kansu da waɗanda suka nema ba su samu ba, ka ga iyayen duka iri ɗaya ne wajen son abin. 'Yan shekara biyar na Montessori sun fi a karatu da lissafi da iya tafiyar da hankalinsu, manyan kuma 'yan shekara goma sha biyu labaran da suka rubuta sun fi nuna ƙirƙira. Ƙaramin bincike ne, makaranta ɗaya ce, ba zan ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba, amma dai ya nuna hanyar da ya kamata a riƙa bi wajen tambaya, a ga abin da makaranta ta ƙara wa yaron da ba ita ta zaɓe shi ba.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, kuma nan ne nake rabuwa da wasu abokan ra'ayina. Wasu makarantun sun mayar da maganar rainon yaro gaba ɗaya mafakar sakaci. Yaro ya kai shekara tara bai iya karanta sakin layi ba, uwa ta zo hankalinta a tashe sai a ce mata ki kwantar da hankalinki, kowane yaro da lokacinsa, kar a matsa masa. Gaskiya ne yara sun bambanta, kuma gaskiya ne a Finlan sai yaro ya kai shekara bakwai yake fara firamare kuma hakan bai hana su iya karatu ba, makarantun Steiner, wato na Waldorf, ma sukan jinkirta koyar da karatu zuwa wajen wannan shekarun. Amma jinkiri da tsari daban, sakaci daban. Magana yaro yana tsintar ta da kansa in yana cikin masu yi, karatu kuwa sai an koya masa, sai an nuna masa wannan harafin ga sautinsa, a haɗa a maimaita, manyan nazarce-nazarcen da aka yi a Amurka a 2000 da Ingila a 2006 duk a nan suka tsaya. Yaron da ke da matsalar gane haruffa kuwa duk shekarar da aka bari ta wuce ana cewa lokacinsa bai yi ba ƙara masa nauyi ake yi, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimta. A duniyar da haka ke faruwa ba na jin akwai makarantar da ke da hujjar yin wasa da karatu da sunan tana gina zuciya. Yaron da ya ga duk abokansa suna karatu shi ya kasa, wace zuciya ta rage masa da za a gina? Kunyar nan da yake ji kullum da safe ita ma ai wani ɓangare ne na yaron da aka ce ana kula da shi gaba ɗaya.

Sannan batun sa ido. Na san masu irin waɗannan makarantu da yawa ba sa son ganin sufeto, suna ganin zai zo ya auna su da ma'aunin da ba nasu ba, kuma wani lokaci suna da gaskiya. Makarantar Summerhill da A. S. Neill ya kafa a 1921, inda shiga aji ganin dama ne kuma a taron makaranta ƙuri'ar yaro daidai take da ta malami, gwamnatin Birtaniya ta taso mata bayan wani bincike a 1999 tana so a tilasta wa yara shiga darasi, makarantar ta kai ƙara, a 2000 aka sasanta ta ci gaba da tsarinta. Ni ba zan kai yaro inda darasi ganin dama ne ba, amma na ji daɗin yadda aka bar su, don iyayen da suka kai 'ya'yansu sun san abin da suka zaɓa. Sai dai akwai abin da ba ya shiga cikin zaɓi. Wajen 2018 zuwa 2019 masu binciken Ofsted sun samu wasu makarantun Steiner a Ingila da gazawa babba, har da batun kare lafiyar yara da mutuncinsu. Duk kyawun falsafar makaranta, tantance wanda za a ɗauka aiki, da hanyar da yaro zai kai ƙara in wani babba ya cutar da shi, da wanda zai saurare shi ba tare da an rufe maganar don kare sunan makaranta ba, waɗannan dole wani na waje ya iya shigowa ya duba. Wannan sashe na 29 da na ambata ma da ya ba mutane damar kafa makarantunsu, sharaɗi ya gindaya cewa su cika mafi ƙarancin ƙa'idojin da hukuma ta shimfiɗa. Makarantar da ta yarda da kanta ba ta gudun a leƙa ta.

Kuma iyaye suna da haƙƙin su san tunanin da ke ƙarƙashin tsarin. Ilimin Waldorf alal misali ya tsiro ne daga wata aƙidar ruhi ta Steiner, kuma a cikin rubuce-rubucensa akwai maganganu a kan launin fatar mutane da su kansu ƙungiyoyin Waldorf na yau suka fito suka nesanta kansu da su. Ba cewa nake yi kar a kai yaro ba, cewa nake yi a faɗa wa uba komai a fili ranar farko, shi ya yanke.

Abin da ba a cika sa wa a takardar talla ba kuma shi ne malami. Duk wannan magana ta sanin yaro ciki da waje, mutum ne zai yi ta, ba gini ba. Malamar da za ta lura cewa yarinyar nan kwana uku ke nan ba ta fita wasa, ta ja ta gefe ta tambaye ta lafiya, sai in tana da yara daidai waɗanda idonta zai iya ɗauka, sai in ta daɗe a makarantar har ta san halin kowa, sai in ita ma hankalinta a kwance yake. Ɗaya daga abubuwan da na yaba a tsarin Waldorf shi ne malamin aji yakan tafi da yaransa shekara da shekaru, a tsarin asali har takwas, duk da cewa in ba a dace da malamin ba abin yakan zama wahala. To ka kwatanta da makarantar da kowane zango sai ka ga sabuwar fuska, albashi ba ya zuwa a kan lokaci, ana yi wa malami tsawa a gaban ɗalibansa, ba shi da ko awa ɗaya a mako da zai zauna da abokan aikinsa su tattauna matsalar wani yaro. Yara suna ganin wannan duka, kuma daga nan suke ɗaukar darasin yadda mai ƙarfi ke mu'amala da na ƙasa da shi, ko da an tara su kowace safiya ana yi musu lacca a kan mutunta ɗan Adam. In ka je duba makaranta ka tambayi malamai nawa ne suka shekara biyar a wurin, amsar za ta gaya maka abin da shugaban makaranta ba zai faɗa ba.

Ka kuma nemi jadawalin mako ka duba da kanka. In zane da waƙa da aikin hannu da wasan motsa jiki duk an cusa su a awar ƙarshe ta ranar ƙarshen mako, kuma su ake fara sokewa da zarar jarrabawa ta matso, to ka san matsayinsu. Ka duba ripot ɗin da ake ba iyaye, lambobi ne kawai da matsayi a aji, ko akwai inda malami ya zauna ya rubuta abin da ya gani a yaron nan shi kaɗai? Ka tambaya in yara biyu suka yi faɗa me ake yi, hukunci kawai ake yankewa a wuce ko ana zaunar da su kowa ya faɗi nasa a gyara abin da aka ɓata? Yara suna da wata murya a dokokin ajinsu?

Matsalar kuɗi kuwa ba zan yi kamar ba ta nan ba. Ƙaramin aji da ƙwararren malami da mai taimaka wa yaro mai buƙata ta musamman duk kuɗi ne, kuma mai makaranta ba zai biya albashi da kyakkyawar niyya ba. Amma akwai ƙasashen da suka nemo hanya. A Holan tun 1917 gwamnati ke ɗaukar nauyin makarantu masu zaman kansu daidai da nata matuƙar sun cika ƙa'ida, shi ya sa a can ɗan mai ƙaramin ƙarfi zai iya shiga makarantar Montessori ko ta Steiner. Indiya kuma a dokarta ta haƙƙin ilimi ta 2009 ta wajabta wa makarantun kuɗi ware kashi 25 cikin ɗari na gurbin ajin farko ga 'ya'yan marasa galihu, gwamnati ta biya musu, ko da yake aiwatarwar ta sha tangal-tangal musamman wajen biyan kuɗin a kan lokaci. Inda babu irin wannan doka ba abin da ya hana makaranta ta ɗora wa kanta, ta ware gurabe na gaske ga waɗanda ba za su iya biya ba, kuma kar ta zaɓi haziƙai kaɗai don su ɗaga mata sakamako. Amfanin ma ba na ɗan talakan kaɗai ba ne, don ba ka koya wa yaro zama da mutane a ajin da kowa irin gidansu ɗaya.

Da ni ke tsara takardar da kowace irin wannan makaranta za ta riƙa ba iyaye a ƙarshen shekara, zan sa a rubuta yara nawa suka bar makarantar a tsakiyar karatu da dalilin tafiyarsu, nawa ne suka shigo ba su iya karatu ba kuma ina suka kai yanzu, malamai nawa suka tafi, gurabe nawa aka bayar kyauta. Duk makaranta tana da waɗannan alƙaluman a ofis, fitar da su ne kawai ba a yi, kuma iyayen da ke biyan kuɗi su ne ke da bakin da za su nema a taron iyaye da malamai na gaba.